Warin Safar Alƙali Devaney

Alƙali Lorcan Devaney ya yi ritaya ranar Juma'ar da ta wuce da safar hannu wari guda. Ta dama ce, fara, ta fatar ɗan akuya. Ta hagun tana nan kulle a aljihun teburin rajistarar kotu, kuma ba za ta fito ba sai an yanke hukunci kan wani kifi da alƙalin ya riga ya ci.

Abin ya faru ne a kotun garin Ballyfarna, a zaman ƙarshe na watan Yulin 1987, ranar da Devaney ya cika shekara saba'in, doka ta ce ya sauka. Ɗakin kotu ya cika har bakin taga. Yawancin waɗanda suka zo, ba jawabin bankwana ne ya kawo su ba. Sun zo ne su ga an ba shi safa.

Al'adar tsohuwa ce, tun zamanin mulkin Ingila muka gaje ta. Idan alƙali mai zagayen garuruwa ya iso zama bai tarar da shari'ar laifi ko ɗaya ba, rajistara kan miƙe ya ba shi farar safar hannu, alamar cewa a wannan zuwan hannunsa bai taɓa datti ba. Alƙalin da ya gabaci Devaney ya samu har sau uku, an ce da ɗaya aka binne shi. Devaney ya yi shekara ashirin da biyu a kan kujera bai samu ko sau ɗaya ba.

Ɗan malamin makaranta ne daga Galway. Ya karanci shari'a a babban birni, Dublin, ya dawo yammacin ƙasar a ƙarshen yaƙin duniya, ya yi shekara ashirin yana bin alƙalai gari-gari a wata tsohuwar mota mai yoyon rufi, yana kare masu dafa barasa a ɓoye da masu rikicin iyakar gona. Da aka naɗa shi alƙali bai sauya hali ba. An san shi da ƙin yarda da taswira. In maƙwabta biyu suka kawo rigimar shinge, sai ya ɗage zama, ya zura takalman roba a ƙarƙashin baƙar rigarsa, lauyoyi na biye da shi cikin taɓo suna zagin takalmansu a ciki. Ya taɓa yanke wa wa da ƙane da suka fasa wa juna baki kan ƙofar garke hukuncin su kafa ƙofar tare, yana tsaye yana riƙe musu ƙusoshi. Ba a cika soke hukuncinsa a babbar kotun Dublin ba. Ba ya ɗaga murya, ba ya kuma dariya a kan kujera, ko da kuwa shi ya jawo ta.

Sau ɗaya ya kusa samun safar. A 1974 babu shari'ar laifi ko ɗaya har safiyar zama, sai ga wani saurayi da ya gudu Birmingham da tuhumar fasa kanti ya shigo da akwatinsa ya miƙa kansa, wai uwarsa ta rantse ba za ta ƙara dafa masa ko dankali ba sai ya fuskanci alƙali. Devaney ya yaba wa uwar a bainar kotu. Aka mayar da safar aljihun tebur.

Bai taɓa cewa yana so ba. Amma duk zuwan da zai yi Ballyfarna, kafin ya cire kwat, sai ya leƙa ofishin rajistara, Nuala Prendergast, wadda ta gaji safar a naɗe cikin takarda daga wanda ta gada.

“Yaya 'yan biyun?” in ji shi.

“Suna gaishe ka, ya mai shari'a. Sun ɗan yi rawaya.”

“Duk mun yi.”

Saboda haka kowa ya sani.

Bana abubuwa suka zo da sauƙi. Shari'ar laifi uku ce kawai ke jiran zaman Yuli. An mayar da ɗaya Dublin. Wani likitan haƙori da ya ɗaukaka ƙara kan gudun wuce ƙa'ida ya janye, bayan matarsa ta yi masa bayani. Saura ɗaya: ɗaukaka ƙarar Packie Mulderrig.

Packie tsohon tuzuru ne mai kiwon tumaki a saman kogi. Bara a watan Yuni mai gadin kogi, Mossie Ruane, ya tare shi a hanya da ƙaton kifin salmon cikin buhu, da rauni a bayan kan kifin. Mossie ya ce ramin ƙugiya ne, irin kamun da doka ta hana. Packie ya ce haƙorin karen ruwa ne, a bakin gaɓa ya tsince shi a mace. Ƙaramar kotu ta yarda da Mossie. Packie ya ɗaukaka ƙara, ya ƙi ɗaukar lauya, ya ce kifin kaɗai ya ishe shi lauya. Ofishin 'yan sanda ba shi da firiza, don haka aka kai kifin inda ake kai komai a garin nan, firizar otal ɗin Attracta Gaughan. A nan ya shekara, tsakanin talotalon Kirsimeti da ragowar kek ɗin bikin wata.

Ranar kasuwar shanu, mako guda kafin zaman, suka ritsa Packie a mashayar otal ɗin yana cin abincin rana. Attracta ta ajiye masa shayi da ƙarfi har ya fantsama. Mossie ya ja kujera ya zauna kusa da shi.

“Packie, ka ji tsoron Allah ka janye,” in ji Attracta. “Alƙalin nan shekara ashirin da biyu yana kwana a ɗakina na sama, bai taɓa cewa katifa ta yi tauri ba. Safa kawai yake so.”

“Ya saya mana. Kantin Dublin ya ƙone ne?”

“Kai dai ba a taɓa yin taurin kai irin naka ba. Shi ya sa ba wadda ta aure ka.”

“Ke ma ai kin ƙi, kin ga kuwa har yau ina raye.”

Mossie ya ce, “Ka janye, ni kuma na yi maka alkawari daga yau in na hango ka a bakin kogi, tsuntsaye zan riƙa kallo.”

“Da ma su ka kalla bara, ɗan nema. Da ka ga karen ruwan.”

“To me za ka samu, don Allah?” in ji Attracta.

Packie ya ture faranti. “Ni ne shari'arsa ta farko, kun sani? Tukunyar barasa, shekarar da aka gama yaƙi. Yana tsaye yana karkarwa kamar ɗan ragon da aka haifa cikin ruwan sama, hular gashin nan ta lauyoyi ta fi ƙarfin kansa. Ya fitar da ni tas. Da ni ya fara, da ni zai gama.”

“Tukunyar ba taka ba ce?” in ji Mossie.

“Tawa ce mana. Ta wa za ta zama? Duk abin da aka taɓa kai ni kotu a kansa na aikata, Mossie, ba na musu. Wannan ne kaɗai ban yi ba. Sau ɗaya a rayuwata ina da gaskiya, sai ku ce in janye don wani ya sa safa a watan Yuli, ana tsakiyar zafi?”

Fada, limamin cocin garin, shi ma ya gwada bayan an tashi daga coci ranar Lahadi, bai yi nasara ba.

Ranar Juma'a da safe kotu ta gama ƙananan rigingimun fili da na gado. Da rana lauyoyin yankin suka shirya wa alƙali liyafar bankwana a otal ɗin Attracta. Akwai lauyan gwamnati Colman Hession, akwai shugaban 'yan sandan gari, akwai rajistara. Aka kawo kifin salmon guda a babban faranti, dafaffe da man shanu, da sabon dankali kewaye da shi. Attracta da kanta ta yanka, ta ɗora wa alƙali yanki mafi kauri, na bayan kai, ta tsaya a kansa har ya cinye. Shugaban 'yan sanda ya ƙara. Alƙali ya ce kifin ya yi daɗi, sai dai yana da ɗanɗanon abin da ya daɗe yana jira.

Da aka koma kotu, safar na kan teburin rajistara a cikin takardarta, ko da Packie zai sauya ra'ayi a bakin ƙofa. Bai sauya ba. Ya zo da kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da shi. Da Nuala ta kira sunansa ya miƙe.

“Ranka ya daɗe, ka tsufa,” in ji shi.

“Kai ma, Mulderrig. Wa ke tsaya maka?”

“Kifi.”

“To a kawo shi.”

Mossie ya tsallaka titi zuwa otal. Ya ɗan jima. Da ya dawo, da babban farantin liyafa ya dawo, riƙe da hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri. A kai akwai kan kifi, da ƙashin baya tsaf, da wutsiya, da ɗan ganye da aka yi ado da shi. A bayansa ga Attracta, ko rigar girki ba ta cire ba.

Alƙali ya duba farantin ta saman tabarau.

“Mista Ruane, wannan fuskar kamar na san ta.”

“Shi ne, ya mai shari'a,” in ji Mossie. “Ga ma zaren da na ɗaura masa a wutsiya bara.”

“Ni na dafa shi,” in ji Attracta daga baya. “Kada a ɗora wa kowa.”

“Matso, Misis Gaughan. Kuskure ne?”

“Wane irin kuskure? Na san kowane abu da ke firizata da sunan mai shi. Na duba na ga fada ya kasa, Mossie ya kasa, wannan tsohon bunsurun ba zai janye ba. Na ce to, in babu kifi babu shari'a, in babu shari'a a ba bawan Allah safarsa ya tafi gida.”

Ɗakin ya ɗauki dariya. Alƙali ya jira ta lafa.

“Kin san lalata abin shaida laifi ne?”

“Ban lalata shi ba, ya mai shari'a. Kai da bakinka ka ce ya yi daɗi.”

“Wato don a rage mini shari'ar laifi ɗaya kika ƙaro mini wata.”

“Ai kai ka sauka yau. Wanda zai zo ya ji da ita.”

Hession, lauyan gwamnati, ya miƙe yana gyara riga. Ya ce tunda abin shaida ya salwanta, ta hanyar da shi kansa ba zai so a yi dogon bincike a kai ba, gwamnati ba za ta ƙalubalanci ƙarar ba. A wanke Mulderrig, a rufe magana. Ya ƙara da cewa a ganinsa ƙarar da ba a yi jayayya a kanta ba kusan ba shari'a ba ce, don haka rajistara na iya buɗe takardar da ke gabanta. Lauyoyin da ke bayansa suka gyaɗa kai gaba ɗaya. Nuala ta ɗora hannu kan takardar.

“Ban yarda ba,” in ji Packie.

“Mulderrig, an ce ka ci shari'a,” in ji Hession. “Me kuma ya rage?”

“Ban ci ba, ku kuka ci. Da dankali.” Ya juya wajen alƙali. “Ranka ya daɗe, in na fita haka, gobe a kasuwa me za a ce? Za a ce Packie ya soke kifi da ƙugiya, Attracta ta dafa, manya suka lashe, aka sallame shi. Har in mutu sunana ɓarawon kifi mai sa'a. Ni so nake a faɗa a ɗakin nan cewa karen ruwa ne. Raunin yana bayan kai. Wa aka ba bayan kai?”

Idanu suka koma kan alƙali. Rabin ɗakin sun ga wanda aka ba.

Packie ya ce, “To, kai ka gani. Kafin ka sa cokali ai ka duba, na san ka, ko taswira ba ka yarda da ita. Rami ɗaya ne ko haƙora?”

“Shaida ba ya magana sai an rantsar da shi,” in ji alƙali, “kuma ba daga wannan kujerar yake yi ba.”

Ya cire tabarau ya goge. Sannan ya yanke hukuncinsa na ƙarshe, a taƙaice kamar yadda ya saba. Ya ce mai ɗaukaka ƙara yana da haƙƙin a saurare shi, ba a yi masa alfarma ba, kuma gwamnati ba za ta iya tilasta wa mutum nasarar da ba ya so ba, balle a gaban alƙalin da ke da abin samu in an yi hakan. Ya ce alƙalin da ya ci abin shaida ba zai sa hannu a kan komai ba a wannan ƙara sai ɗage ta. Ya ɗage ta zuwa gaban wanda zai gaje shi. Ya ba da umarni a mayar da kai da ƙashin cikin firiza, a hannun Mista Ruane, a kuma nemi firizar da ba ta Misis Gaughan ba.

“Babu wata a garin,” in ji Mossie.

“To a sa kwaɗo.”

Nuala Prendergast ta miƙe. Ta ce tana neman jagora. Ba a saurari shari'ar laifi ba a wannan zama, wannan gaskiya ne. Amma akwai ta, wannan ma gaskiya ne. Wanda ta gada bai gaya mata abin da ake yi a irin haka ba.

“Mista Hession, kana da abin cewa?” in ji alƙali.

“A ba ka duka, ya mai shari'a.”

“Mulderrig?”

Packie ya sosa ƙeya. “Ni fa ba ƙinka nake ba, ranka ya daɗe. Ka cancanta. Amma ka ci kifina.”

“Na ci,” in ji alƙali. “Hukunci shi ne: rabin sharaɗi ya cika, a ba da rabi. Da hagu na riƙe cokali, hannun da ya aikata haka bai cancanci fari ba yau. A ba ni ta dama.”

“Dama fa ita ta riƙe wuƙa,” in ji wani daga bencin lauyoyi.

“Misis Gaughan ta dafa shi har ya wuce buƙatar wuƙa.”

“Shekara guda a ƙanƙara, me kake so in yi?” in ji Attracta.

Game da ta hagun, alƙali ya ce maganar a fili take. In magajinsa ya gano karen ruwa ne ya kashe kifin, to ashe tun farko babu laifin da aka yi, zaman Yuli ya kasance mai tsabta, sai rajistara ta aika masa da ita. In kuwa ƙugiya ce, ta ci gaba da zama inda take. Ya nemi a rubuta cewa ya sanar da kotu wannan da bakinsa, don duk wanda zai yi masa tambayoyi a akwatin shaida ya san yana da abin da zai samu.

Nuala ta warware takardar, ta raba 'yan biyun, ta miƙa masa ɗaya. Ya zura. Ta yi masa ɗan tsayi a yatsu, domin an saye ta ne da awon wanda ya gabace shi. Ya ɗaga hannun ya duba gaba da baya, ya ɗan jima yana dubawa. Daga nan aka yi jawaban bankwana, ya saurare su duka da hannu ɗaya fari a kan tebur. Da ya tashi amsawa ya gode wa lauyoyi, da 'yan sanda, da ma'aikatan kotu, ya ce ya shiga wannan ɗakin da farko yana kare mai laifin da ya ce ba shi da laifi, yana fita yau ya bar shi yana faɗin abu ɗaya, ya ga alamar ƙasa ta zauna lafiya.

A kan matakalar kotu Packie ya tare shi, ya riƙe hularsa a hannu.

“Zan sa a kawo maka sammaci, Lorcan. Kada ka ce ban gaya maka ba.”

“Ka san gidan. Ka zo da rana, ina lambu.”

“Haƙora ne, ko? Tsakanina da kai.”

“Babu tsakanina da kai, Packie, sai an rantsar.”

“Kai dai tun kana yaro ba ka da daɗin sha'ani.”

Suka yi musabaha da hannun da ke sanye da safar.

An kai sammacin ranar Litinin. Zai zama karo na farko da Devaney zai shiga akwatin shaida tun da ya fara aikin shari'a. Da aka tambaye shi a gidansa ko ya lura da raunin kafin ya ci, ya ce ya lura, ya kuma ƙi ƙarin bayani. Maganar Attracta Gaughan tana teburin shugaban 'yan sanda, wanda ya ce yana nazarin ko ya dace shi ya bincika, ganin cewa ya ƙara. Kan kifin ya koma firiza cikin akwatin ƙarfe, mabuɗin na wuyan Mossie Ruane.

Har zuwa jiya Dublin ba ta naɗa sabon alƙali ba, ba a kuma sa ranar sauraron ƙarar ba.